Lahadin Kaka a Gindin Injin Markaɗe

Gidan da na tashi a cikinsa a Gusau gidan ƙara ne. Mama tana da injin markaɗe a wata 'yar rumfar kwano da ke jingine da katangar zaure, kuma tun kafin rana ta fito mata da 'yan mata ke jera bokitai a ƙofarmu: waken ƙosai, geron kunu, tattasai da tumatir na miya. Mu 'yan gidan mun saba magana da ɗaga murya, har malamarmu ta makaranta takan ce mini in sassauta, ba kurma ke gabana ba.

Baba direban motar haya ne, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe, wani lokaci ya zarce Funtuwa. Shi da Mama duk 'yan wani ƙauye ne a bayan Tsafe, kuma mu Kirista ne tun daga kan kakanni. Ba ma fashin sujada ranar Lahadi, sai dai sujadar tamu ta gaggawa ce. Mama kan zauna a bencin baya kusa da ƙofa. Da fasto ya sa albarka takan riga kowa fita, ta rataye ɗankwalin zuwa majami'a, ta ɗaura tsohon zane, ta ja igiyar inji. Baba ko gida ba ya biyowa, daga majami'a sai tasha. Ni da ƙanwata kuwa aikinmu ɗebo ruwa da wanke bokitai. Abin da ya bambanta mana Lahadi da sauran ranaku bai wuce wankan safe da takalman fita ba.

Ina ajin farko na sakandare aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba, daga ƙauye. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Likita ya ce za a yi mata aiki, amma sai jininta ya sauka, don haka ta zauna da mu daminar nan gaba ɗaya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai son dariya, kullum da goro a gefen baki. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma waƙoƙin sujada duk a kanta suke, baiti bayan baiti.

Lahadin farko ba ta yi ƙorafi ba. Na riƙo hannunta muka dawo daga majami'a, muna shiga zaure injin ya tashi. Ta tsaya cak, ta karkata kai tana saurare, sannan ta tambaye ni, "Yau wace rana?" Na ce Lahadi. Ta ce, "To, na ɗauka ni ce na ruɗe." Ta wuce ɗaki.

Lahadi ta biyu ta ce kanta na juyawa, mu taso kafin waƙar rufewa. Da muka iso gida ta ce in ɗauko tabarma in shimfiɗa mata a rumfar inji, wai nan ne iska ke shiga. Na shimfiɗa. Ta lalubi injin, ta zauna ta jingina bayanta da shi, ta miƙe ƙafafu, ta ɓare goro. Ban ga alamar juyawar kai a tare da ita ba.

Mama ta shigo da saurinta, ta canza zane, ta fito ta tarar da surukarta a gindin inji. Mata huɗu ko biyar na tsaye da bokitai. Mama ta durƙusa.

"Inna, ga masu markaɗe suna jira."

"Na ji su. Sannunku da zuwa, 'yan albarka." Sai ta juyo wajen muryar Mama. "Ɗiyata, wanga inji Kirista ne?"

"Inji ai ba shi da addini, Inna."

"Mai shi hwa?"

Kaka ta dafa tabarmar a gefenta.

"Zamna nan kusa da ni ki tsefe mani kai. Tun da na zo ban samu hannunki ba."

A wajenmu suruka ba ta ce wa uwar miji ta tashi daga inda ta zauna. Mama ta dubi matan, matan suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki bokitansu suka nufi wani injin da ke can bakin kasuwa. Wadda ta rage ita ce Hajiya, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu. Babbar mace ce, ta girmi Mama, kuma ita ta karɓe ta a unguwar tun tana amarya. Ta ajiye bokitinta tana dariya har da riƙe ƙugu.

"Inna, Allah ya saka miki," in ji ta. "Na daɗe ina gaya mata. Alhajinmu ranar Juma'a rufe shago yake ya tafi masallaci, ko wa ya zo sai ya jira. Ita kuwa ko ranar tata ba ta tsayawa ta sha ruwa. Ni dai daga yau yammacin Asabar zan riƙa kawo nawa, kuma zan gaya wa sauran."

Mama ta tsefe kan, amma ranta a ɓace. Da yamma na same ta a madafa tana share hawaye, tana cewa tsohuwa ba ta san yadda ake riƙe gida a birni ba, masu kawo markaɗe in sun saba da wani wuri ba za su dawo ba. Da Baba ya dawo ta kai masa ƙara. Ya sosa ƙeya ya ce shi ma Kaka ta aiko yana da kira.

Ina zaune ina tsince wa Kaka zogale aka yi maganar. Ta ce masa, "Ka tuna jakin ubanka?" Ya ce ya tuna. Ta ce, "Ran Lahadi ko igiyar ɗibar ruwa ba a ɗora mai. A sake shi bayan gida ya yi ta birgima. Kai ka fi jakin ƙarfi ne, ko ka fi shi laifi?" Baba ya yi dariya ya ce ran Lahadi da yamma fasinja sun fi yawa, ma'aikata na komowa Gusau. Kaka ta ce, "Fasinja ba su ƙarewa. Ni ce zan ƙare, 'yan ɗiyan ga kuma su girma su tahi gidan wani ba ka san muryarsu ba." Baba ya daɗe zaune yana juya makullin mota a hannu.

Lahadin da ta biyo baya ita ce ta farko da na ji gidanmu shiru da rana. Ashe akwai kurciyoyi a darbejiyar tsakar gida. Ashe kiran sallar azahar daga masallacin unguwa yana shigowa har ɗakinmu, kalma bayan kalma. Ƙanwata ta yi mini magana da muryar da ta saba, duk muka firgita, sannan muka fashe da dariya. Mama ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ta share tsakar gida da aka riga aka share, ta ɗauko tsumma za ta goge inji, Kaka ta yi gyaran murya, Mama ta ajiye. Daga ƙarshe ta kishingiɗa a gefen tabarma wai tana sauraron labarin mutanen ƙauye, wa ya yi aure, wa ya haihu. Kaka ba ta kai gida na uku ba barci ya kwashe Mama. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifiyata tana barci da rana ba. Na zauna ina kallon fuskarta, na ga ashe yarinya ce. Kaka ta sa mu yi mata fifita, ta ce duk wadda ta tashe ta ba ruwanta da dambun yamma.

Daga nan Asabar ta koma ranar hidima. Hajiya ta cika alkawari, bokitai kan yi layi har bakin titi da yammacin Asabar. Mu kuma mu yi wanki da guga, a yi mana kitso, a dafa miyar gobe, a turara tsakin dambu. Aikin da yawa, amma yana da daɗi, irin na jajiberin biki. Wasu daga cikin masu markaɗen sun tafi ba su dawo ba, kamar yadda Mama ta faɗa, kuma ta ji zafin haka. Sai dai ba mu kwana da yunwa ba ko sau ɗaya.

Ni aka ɗora wa ɗiga wa Kaka magani a ido safe da yamma. Takan kwanta rigingine, kanta a cinyata, kuma a lokacin ne nake yi mata tambayoyin da nake jin kunyar yi a makarantar Lahadi. Wata rana na ce, "Kaka, an ce Allah ya yi duniya cikin kwana shida ya huta a na bakwai. Allah yana gajiya ne?"

Ta ce, "Ba ya gajiya. Kin taɓa ganin mace ta gama yaɓen ɗaki, ta jera ƙorai da tasoshi? Mi take yi in ta gama?"

Na ce wanke hannu.

"Bayan ta wanke. Ja da baya take yi ta tsaya bakin ƙofa, ta duba, ta ji daɗi. Shi ne abin da Allah ya yi. Sannan ya ce mu ma mu zo mu tsaya kusa da shi mu duba. Uwarki ta haifi ɗiya biyu masu kyau, ubanki ya gina ɗakuna, amma ba su taɓa tsayawa bakin ƙofa ba."

Na ɗiga a ɗaya idon. Ta runtse, maganin ya gangaro mata har kunne, ta ci gaba da magana.

"Kuma a da can bawa ne ba shi da ranar hutu. Ɗan gida yana da ita. In kin aje aiki yini guda, kina gaya wa Allah ne cewa kin san ke ɗiyar gida ce, kin san shi ke ciyar da ke. Hannunki dai yana taimakawa."

Na ce to me ya sa mu namu hutun ya faɗo Lahadi. Ta yi murmushi. "Ranar da Ubangiji ya tashi daga matattu ke nan, da sassafe. In kina cikin daka aka shigo da gudu aka ce wanda kike kuka a kai yana nan da rai, za ki ce a jira ki gama dakan? Yar da taɓarya za ki yi. Shi ya sa ba ranar ɗaure fuska ba ce. Wanda ya huta yana fushi bai huta ba."

Baba na da ƙanwa da ke aure a Bungudu, ga ta nan kusa, amma mun shekara biyu ko fiye ba mu taka gidanta ba. Wata Lahadi bayan sujada Kaka ta ce tana son jin muryar ɗiyarta. Muka shiga mota mu biyar, ba fasinja ko ɗaya. Lokacin hanya lafiya lau take. Gero ya fitar da kai, dawa ta kai kafaɗar mutum, ko'ina kore shar, shanun Fulani na kiwo a gefen gonaki. Ina gaya wa Kaka abin da nake gani, ita kuma tana ta tambaya, geron ya yi kauri? Ƙasar ja ce ko baƙa? Duk inda wani ya ɗaga hannu a bakin hanya sai ƙafar Baba ta tafi birki da kanta, Mama ta ce, "Malam direba, yau ba ka aiki," ya ja tsaki yana dariya. Wata tsohuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ce kaɗai ya tsaya wa, don hadari ya taso. Ta zauna kusa da Kaka, kafin ta sauka sun gama sanin ciwon gwiwar juna, ta bar mana man shanu a ɗan ƙoƙo.

Bayan ta sauka Kaka ta ɗauko wata tsohuwar waƙar yabo. Ba zato muka ji wata murya mai kauri ta karɓa daga gaba. Baba ne. Ni da ƙanwata muka dubi juna. Ba mu taɓa sanin yana waƙa ba. Mama ta ce ai a ƙungiyar mawaƙan ƙauye ta fara ganinsa, yana tsaye a layin baya da wandon da ya yi masa kaɗan. Har muka shiga Bungudu ana waƙa. Goggo ta fito da gudu ba ko takalmi, ta rungume uwarta. Da yamma mijinta ya kai mu bakin gulbi, ya cika ya batse, Kaka ta zauna a kan dutse ta ce a ƙyale ta ta saurari ruwa.

Wajen ƙarshen damina matar ɗan Hajiya ta haihu, suna ya faɗo ranar Litinin. Ranar Lahadin muna zaune a tsakar gida bayan cin abinci sai muka fara jin daka ta bayan katanga. Taɓare uku ne ke sauka bi da bi. Aka daɗe ana yi, ba a tsaya ba. Kaka ta karkata kai.

"Wannan ba dakan fura ba ne. Je ki gano mani."

Na leƙa gidan Hajiya na tarar da 'yan mata sun jiƙe sharkaf da gumi, ga manyan robobi cike da jiƙaƙƙiyar shinkafar waina. Injin bakin kasuwa ya lalace tun safe. Ƙullun waina kuma ba ya yiwuwa a markaɗa tun Asabar, zai yi tsami ya wuce misali, dole sai yau ya kwana ya tashi. Na tambayi Hajiya me ya sa ba ta aiko ba. Ta ce, "Haba ɗiyata, yau ai ranarku ce. Ba zan keta muku ita ba."

Na dawo na faɗa. Kaka ta ce, "Ɗiyata, tashi ki tada inji."

Mama ta ce, "Inna, yau Lahadi."

Baba da ke kwance a kan benci ya tuntsire da dariya har ya kusa faɗowa. Kaka ma ta yi dariya, ta ce, "Ji wadda ke koya mani. Na san Lahadi ce. Allah ya ba mu hutu don mu zamna muna jin 'ya'yan maƙwabta na karya ƙugu? Su ma su samu rabonsu. Amma ba za ki karɓi komai ba. Yau gudummawa za ki kai, sana'a sai gobe."

Baba da kansa ya ja igiyar. Ni da ƙanwata muka taya 'yan matan ɗauko robobin. Hajiya ta biyo su tana ta ba da haƙuri, Kaka ta kamo hannunta ta zaunar da ita a tabarma, ta ce ta bar zancen, ta ba ta labarin jaririn. Kafin la'asar ta yi sanyi an gama. 'Yan matan da suka yi shirin kaiwa magariba suna daka suka zauna a tsakar gidanmu suna shan iska, ana lalle, ana tsokanar juna. Washegari aka aiko mana da waina kwano guda da naman ragon suna, aka kuma kawo jaririn aka ɗora wa Kaka a cinya. Ta shafa fuskarsa da yatsu a hankali, ta yi masa addu'a irin tamu, Hajiya ta ce amin.

Ba a daɗe ba jinin Kaka ya sauka aka yi mata aikin, ido ɗaya sannan ɗayan. Ranar da aka cire mata auduga muna tsaye kewaye da gado. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce Baba ya yi furfura ba da izininta ba. Ta ce ni na ɗauko hancin kakana. Da ta zo kan Mama ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Ashe kumatu gare ki." Mama ta rufe fuska da mayafi.

Injin bai sake tashi ran Lahadi don sana'a ba, har zuwa lokacin da Mama ta tsufa ta bar wa ƙanwata shi. Mama ta baro bencin baya, ta shiga zumuntar mata, ta zama mai kaɗa musu tulu in ana waƙa. Baba dai wani lokaci in abubuwa sun matse yakan saci jiki ya yi sawu ɗaya da yamma, ya dawo yana kame-kame, amma yawancin Lahadi a gida yake. Ni yanzu ina koyarwa, ina da nawa 'ya'yan, kuma abin da ke hana gidana shiru waya ce. Nakan kashe ta in mun dawo daga sujada, wani makon in iya, wani makon in kasa.

Da gero ya nuna Kaka ta ce ba ta ƙara kwana a Gusau, gyaɗar da aka shuka mata na jiran ta. Muka kai ta ranar Asabar dukanmu. Daga Tsafe muka saki kwalta muka bi hanyar ƙasa, tana zaune a gaba tana kiran sunan kowace gona da mai ita, tana faɗin wanda ya yi noma da kyau da wanda ya yi lalaci. Muka kwana a ƙauye.

Majami'ar ƙauyen ta ƙasa ce, rufin kwano, bencinta na laka. Da safe ta cika har waje, don labari ya zaga cewa tsohuwa ta dawo da idanunta. Da aka zo lokacin godiya mutane suka riƙa fitowa da abin da suka samu, wani damin sabon gero, wata kabewa, wata ƙwai a ƙoƙo. Kaka ta miƙe da jan zakara a hammata. Na yunƙura in riƙe mata hannu kamar yadda na saba duk daminar, ta ture ni a hankali. Mata suka ɗauki waƙa, wata ta miƙa wa Mama tulu ta karɓa. Kaka ta taho tsakiyar majami'a tana rawa, taku biyu gaba, ɗaya baya, zakaran na ta fisge-fisge, yara na dariya, ita ma tana dariya. Ta daɗe kafin ta kai gaba, kuma ba wanda ya ce ta yi sauri.

Bayan an tashi muka ci tuwon dawa da miyar kuka a inuwar tsamiyar ƙofar gida, mutane na ta zuwa gaisuwa har rana ta faɗi. Da safiyar Litinin, kafin mu gama ɗaura kaya a mota, ta riga ta saɓa fartanya ta nufi gonar gyaɗa.